Ragon Karatu

Ni mahauci ne, gadon ubana. Boko ban wuce firamare ba, ita ma ban ƙarasa ba, saboda haka in na yi kuskure a abin da ya shafi jami'a, a yi mini uzuri. Abin da na sani shi ne nama, sai kuma abin da ya faru a gidanmu shekarar da autanmu ya samu tallafin karatu.

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, shi ne na ƙarshe, mata uku a tsakaninmu duk suna gidajen mazansu. Inna ba ta taɓa kama sunana ba. "Kai wannan" take ce mini, har yau da furfura a gemuna. Shi kuwa Auta bakinta ba ya gajiya da kiransa. Ba na jin haushi, haka muka tarar.

Gidanmu na gado yana wani ƙauye ta wajen Wagini. Ni na dawo Batsari da iyalina saboda kasuwa. Inna ta ce ba inda za ta, nan aka kawo ta, nan aka fitar da mijinta. Auta kuma karatu ya ja shi har ya zama ƙaramin malami a wata jami'a. Ya yi digiri na ɗaya, ya yi na biyu, ya ce saura na uku, wanda suke kira digirin digirgir. Na ce masa, kai da ka samu aiki, na mene ne kuma? Ya ce in babu shi haka zai tsufa yana riƙe wa manya jaka. Wai ƙwaron da ke cin wake a buhu yake son ya bincika, kuma kayan aikin babu su a nan sai wata ƙasa can gaba da Makka. Albashinsa ko jirgi ba zai hau da shi ba. Sai dai sikolashif, wato wata hukuma ta biya makaranta, ta ba ka abin da za ka ci da inda za ka kwana, in ka gama ka dawo ka yi aiki.

Ya nema bai samu ba. Ya sake nema. Wata shekara aka ce jarrabawar Turancin da ya yi ta tsufa, sai ya sake wata. Wata shekara sunansa ya kai har matakin ƙarshe, aka ɗauki wasu. Ga shi akwai shekarun da in mutum ya wuce ba a ƙara duba shi, shi kuma yana matsowa kusa. In ya zo Sallah sai ka ga yana dariya da mutane amma abinci ba ya shiga.

Inna ba ta san sikolashif ba, amma ta san ɗanta ya rame. Ta sayar da gyaɗarta ta sayi ɗan rago, uda, gabansa baƙi bayansa fari. Ranar da aka kawo shi matan maƙwabta suna tsakar gida ana sussuka. Ta kama kunnensa a gabansu ta ce, "Ya Allah, ranar da ka ba Auta abin nan da yake nema, wannan ragon sadaka ne."

Lokacin ba wanda ya ga aibin haka. Bakance a gaban mutane ake yi, don su taya ka da amin.

A ƙauyenmu in mace ta ɗaure dabba ba ita kaɗai ke kiwonta ba. Wadda ta yi surfe ta aiko da dusa, wadda ta wanke hatsi ta kawo ƙasari, wadda mijinta ya roro wake ta turo kowar waken. Balle an san na Allah ne, kowace tana son ta sa hannu a ladan. Suka sa masa suna ragon karatu. Babbar Sallah ta zo ta wuce yana turke, ta sake zuwa ta wuce. Dillalai sun yi zarya, Inna ta ce ba nata ba ne balle ta sayar. Ya yi wuya, ya yi ƙaho, ya yi mugun hali. Ni da nake yanka 'yan'uwansa kullum sai da ya taɓa zaunar da ni a ƙasa. Mutum biyu kaɗai yake ragawa, Inna da aminiyarta, matar ladan, wadda katanga ɗaya ta raba su.

A cikin shekarun nan ne daji ya lalace. Ba zan tsaya bayani ba, wanda yake nan ya sani. Mutum ya sayar da sa da rana, kafin ya kashe kuɗin an zo masa. Aka daina sa wa gida sabon kwano. Wanda ya sayi sabon mashin sai ya shafa masa laka. 'Yan bindiga suna daji, amma kunnensu yana cikin gari, kuma ba ka san ko wane ne ba. Wataƙila kun yi sahu ɗaya da shi da asuba.

Ina kwata da safe, hannuna duk jini, waya ta yi ƙara. Na danna da gwiwar yatsa, ashe Auta ne.

"Yaya, an ba ni."

"An ba ka me?"

"Sikolashif ɗin. Sun ɗauke ni. Bayan kaka zan tafi."

Na ce alhamdu lillahi, na zauna a kan dakali. Kafin in ƙara magana ya ce, "Yaya, don Allah ban da Inna kada kowa ya ji. Ka san yadda gida yake. Sai na zo na yi mata sallama na tafi, sannan duk wanda zai ji ya ji."

Sallamar nan ita ce duk abin da ke gabansa. Inna ta tsufa, karatun kuma shekaru ne. Ba ya son ya hau jirgi bai durƙusa gabanta ta ɗora masa hannu a ka ba.

Na hau mashin na tafi ƙauye. Na same ta tana tsince wake a faifai. Na gaishe ta, ta tambayi yara, ta tambayi kasuwa, na jira ta gama sannan na matso na faɗa mata ƙasa-ƙasa. Ta ajiye faifan. Na ga ta kai hannu hanci za ta rangaɗa guɗa, na ce, "Inna, a'a!"

Ta dube ni kamar na mare ta.

"Kai wannan, wuƙarka na nan?"

"Inna, in na kwantar da ragon nan a gidan nan, kafin a gama fiɗa labari ya kai daji."

"To mi kake so in yi? In yi wa Allah alkawari, ya cika nashi, ni in ƙi cika nawa?"

Na ce ta ba ni dama in je wurin Kawu.

Kawu ƙanen Inna ne, yana da makarantar Islamiyya a Safana. Na tarar da shi a zaure ya gama darasi. Na ce ko za a iya sayen wani rago a yanka a madadinsa, wancan ya ci gaba da zama a turke har Auta ya tafi. Ya ce a'a, ta kama kunnen wannan ta ce wannan, to shi ne. Na ce ko a jinkirta. Ya ce, "Ka san yayata. In ta kwana da wannan nauyin, ciwo za ta yi. Amma ba ta ce a gidanta za a yanka ba, ba ta ce da shela ba. Kawo shi nan. Ga mutanen da aka koro daga ƙauyukansu suna kwana a ajujuwana, sun manta ɗanɗanon nama."

Sai ya rage turke. Turken da ya shekara da shekaru da rago, in aka wayi gari babu komai a kai, ai ka yi shela ke nan. Nan na yi dabarar da nake ganin ta mahauci ce. Ranar kasuwa na shiga kara, inda ake sayar da dabbobi, na bi raguna ɗaya bayan ɗaya har na samu uda mai irin girmansa, baƙin ya tsaya inda na wancan ya tsaya, ƙahon ya murɗe iri ɗaya. Na ce a raina ko uwar da ta haife shi sai ta yi kokonto.

Na ɗauki a-kori-kura ta wani abokina, muka shiga ƙauye da tsakar rana lokacin da kowa ke gona ko cikin ɗaki. Muka sauke baƙo, muka ɗora ragon karatu, da ƙyar, sai da ya fasa wa direba leɓe. Inna tana tsaye a ƙofar ɗaki. Ta zo ta shafa bayansa ta ce Allah ya karɓa. Sannan ta juyo gare ni.

"Ni dai ba ni yin ƙarya. In an tambaye ni, shiru zan yi."

Na ce shirun ma ya isa.

Na yanka shi a bayan makarantar Kawu. Tunda nake fawa ban taɓa buɗe rago mai kitsensa ba. Dusar unguwa guda ce a jikinsa. Na kasa shi, matan da ke gudun hijira suka zo da kwanoni, suna ta addu'a ba su san wa suke yi wa ba. Matan da suka yi kiwonsa kuwa ko ƙashi ba su gani ba. Wannan ya tsaya mini a rai, amma na haɗiye.

Washegari na koma ƙauye in ga yadda baƙon ya kwana. Ina zaune a kan turmi sai ga matar ladan ta yi sallama da ƙwaryar dusa a hannu. Muka gaisa. Ta nufi turke tana cewa, "Ina ɗan banzan nan, zo ka karɓa kafin ka karya ni." Shi wancan in ya hango ƙwarya sai ya ja igiya har ta nemi tsinkewa. Wannan sai ya ja da baya ya raɓe jikin katanga yana kuka.

Ta tsaya. Ta dube shi sama da ƙasa. Ta juyo ta dube ni.

"Kai ɗan fawa, ni za ka yi wa wayo? Ni da na ba shi dusa tun bai kai gwiwata ba?"

Na ce, "Gwaggo, ba ya jin daɗi ne, zawo yake yi."

"Zawon gidanku. Zawo ke sa rago ya manta uwarsa?"

Ta juya wurin Inna ta ce, "Ke, ina ragon karatu?" Inna ta yi shirun da ta yi alkawari. Amma hawaye suna zuba, bakinta kuma yana murmushi. Matar ladan ta saki ƙwarya, ta kama hanci, ta rangaɗa guɗar da sai da kaji suka watse. Kafin in miƙe daga kan turmi gidan ya cika da mata. Barka da arziki, barka da arziki. Inna tana amsawa tana kuka, ban san na murna ba ne ko na tsoro. Ina jin ita ma ba ta sani ba.

Labari in ya fita daga ƙauye ƙiba yake yi a hanya. Kafin ya iso Batsari, an ce Turawa sun ɗauki Auta aiki. Kafin ya zaga kasuwa, an ce da dala ake biyansa kuma an fara turowa. 'Yan'uwana mahauta suka sa ni gaba.

"Yayan dokta! Yau ma da kanka kake fiɗa? Ina yaranka?"

"A bar shi ya taɓa na ban kwana, gobe sai dai mu gan shi a bayan mota."

Na yi ta cewa kuɗin makaranta ake biya kai tsaye, shi abin da zai ci kawai za a ba shi. Suka ce haka masu kuɗi ke faɗa. Wasa suke yi, na sani. Amma rumfar nama ba mahauta kaɗai ke tsayawa ba.

Akwai wani mutum da ke zuwa sayen nama, mai yawa, fiye da abin da gidansa zai ci. Ba ya tayawa, ba ya neman gyara, ya ɗaure a bayan mashin ya nufi yamma. Kowa ya san inda naman ke zuwa, ba mai faɗa. Rannan ya tsaya a teburina. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali, ya tambayi tsohuwa da ƙafarta. Ina yanka masa cinya ya ce, "Ashe abin arziki ya samu. To yaushe dokta zai shigo sallama da tsohuwa? Mu ma mu zo mu yi masa Allah ya kiyaye hanya."

Na ce ban sani ba. Na ɗaure masa namansa. Yana tafiya na ajiye wuƙar na ɗauki waya.

Na kira Auta na ce kada ya zo. Ya ce zai shigo da rana ya fita da rana. Na ce da rana suke zuwa yanzu. Ya ce, "Yaya, in tafi ban ga Inna ba? In wani abu ya same ta ina can fa?" Na ce, "In wani abu ya same ka kana nan fa? Me zan sayar in karɓo ka, teburin nama?" Sannan ya ce in haka ne gara ya haƙura da tafiyar. Na zage shi zagin da ban yi masa ba tun yana yaro. Na ce rago ya riga ya mutu, ko ya tafi ko ya zauna sunansa mai dala, gara ya tafi.

Ya rage a kai Inna inda zai iya zuwa. Ita kuma ta kafe.

"Yaushe uwa ta fara bin ɗa da sallama? Gidan ubanshi ne nan. Ya zo ya tsaya inda ubanshi ya tsaya."

Na lallashe ta, Kawu ya yi mata magana ta waya, ta ƙi. Daga ƙarshe na faɗa mata yadda zan faɗa wa namiji. Na ce, "Inna, in ya taka ƙauyen nan, ko dai in bi shi daji ko in ɗauko shi a makara. Ki zaɓa." Ta shiga ɗaki, ta daɗe, ta fito da mayafinta da ɗan ƙunshi.

Na goya ta a mashin har Batsari, tana riƙe da rigata, ita da ko hannuna ba ta taɓa riƙewa a gaban mutane ba. Daga nan muka shiga mota zuwa Safana. Kawu ya sa aka shimfiɗa mata tabarma a ɗakin matarsa.

Auta ya iso bayan azahar, a bayan a-kori-kura tare da buhunan gero. Ya sa wata koɗaɗɗiyar riga da silifa, ya cire gilashin idonsa, ya naɗe fuska da rawani irin na 'yan acaɓa. Ya yi sallama ya shigo ya durƙusa. Inna ta dube shi ta daɗe.

"Auta, kai ne haka? Wane irin karatu ne wannan da ke sa ɗa ya zo wa uwarshi kamar ɓarawo?"

Ya fara yi mata bayani, wai ba kuɗi aka ba shi a hannu ba, makaranta ake biya. Ta ce, "Ni kake gaya wa? Je ka gaya wa na daji." Sai ta jawo kansa ta ɗora a gwiwarta, ta zare rawanin, ta sa hannu biyu a kai. Ta yi addu'a mai tsawo, wadda na ji da wadda ban ji ba. Ni na fita waje na tsaya wurin da na yanka ragon. Ƙasar wurin har lokacin baƙa ce.

Ta ba shi ƙunshin, kuka ce da daddawa da ƙuli-ƙuli. Kawu ya leƙo ya ce motar da zai bi ta kusa cika, kuma bai kamata la'asar ta same shi a hanya ba. Ko abincin da aka dafa masa bai ci ba. Ya rungume ni a zaure, abin da ba mu saba ba, ya ce, "Yaya, ga Inna nan." Na ce, "Da can a hannun wa take?"

Muna hanyar komawa Batsari ladan ya kira ni. Ya ce kada in kawo ta. Mutane sun shigo a kan mashina ana sallar la'asar, kai tsaye gidanmu suka nufa. Ganin Inna ta fita da ƙunshi, an ɗauka tarbar Auta ta je yi, za su dawo tare. Sun fasa ƙofar ɗakinta, sun zazzage akwatinta, sun tambayi ladan ina dokta. Ya ce bai sani ba, suka buge shi da gindin bindiga a kafaɗa. Da za su tafi suka kwance ragon da na saya suka ɗora a mashin.

Inna tana kusa da ni a mota, ta ji komai. Abin da ta tambaya kawai shi ne ko ladan zai iya ɗaga hannun.

Ba ta sake kwana a ƙauye ba. Tana gidana, a ɗakin da yarana mata suke kwana, taga ɗaya tana kallon bangon maƙwabci. Matar ladan ta aiko sau da yawa tana neman gafara, wai bakinta ne ya jawo. Inna ta ce a gaya mata guɗa ce ta yi, abin da uwarta ta koya mata, ba ta yi laifi ba. Amma ba su sake haɗuwa ba. Hanyar ba ta tsofaffi ba ce yanzu.

Auta yana can. Yana kira ranar Juma'a, ana ganin fuskarsa a waya, ya yi haske, ya ce ƙwarin waken suna ba shi wahala. Inna ta riƙe wayar nesa da fuskarta tana ta kiran sunansa. In ta miƙo mini sai ya rage murya ya ce, "Yaya, in na gama ina zan sauka?" Ina ce masa ya gama tukuna.

Da damina ta kusa, Inna ta kira ni ta ce, "Kai wannan, in ka shiga kara ka duba mini ɗan rago." Na ce na mene ne? Ta ci gaba da jan carbinta. Na kawo mata wani fari, na kafa masa turke a lungun bayan ɗaki inda ba a hangowa daga ƙofa. Matar maƙwabcina ta ji kukansa, ta shigo da kwanon dusa, mace mai kirki. Inna ta tare ta tun daga tsakar gida, ta yi mata godiya, ta sa mata albarka, ta ce muna da ita da yawa. Ba mu da ita. Ni nake auno masa a kasuwa.